Haƙuri Ba Shi Ne Sunanta Ba

Duk wanda ya saba zaman makoki ya san kalmomin da ake raka tsohuwa da su. Mace ce mai haƙuri. Ta riƙe zumunci. Ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ai ta sha miya, sai dai mu roƙi Allah ya ba mu irin tsawon ranta. Haka ake faɗa a Kano, haka ake faɗa a Maraɗi da Damagaram, haka kuma Hausawan da ke zaune can cikin Sahara, a yankin Tamanrasat na ƙasar Aljeriya, suke faɗa idan an shimfiɗa tabarmi. Galibi babu ƙarya a ciki. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, za ka iya ɗauke kalmomin nan daga kan wannan tsohuwa ka yafa wa waccan kamar zanen aro, su kuma zauna mata daidai. To yabon da ya yi wa kowa daidai, anya akwai wadda aka yaba?

Addu'a dai babu gardama a kanta. Haƙƙi ce da ke wuyan ɗa da jika, kuma ita ce abin da mamaci ya fi bukata. Tambayata a kan abin da ya biyo bayan addu'a ce: shin tsohuwar da ta tafi tana da haƙƙin a tuna da ita yadda take, da kamanninta da halinta, ko kuwa iyakarta a ambace ta da alheri a shafa fatiha a tashi?

Mutum zai zaci wadda ta daɗe a duniya ita ta fi sauƙin tunawa, tunda ta bar labari mai yawa. Ni a ganina ita ta fi wuya. Matar da ta rasu tana da shekara 30, ƙawayenta na nan, wanda ya fara zuwa zance wajenta na nan, uwarta ma wataƙila tana raye, kowa yana riƙe da wani yanki na rayuwarta. Wadda ta haura 90 kuwa, da hannunta ta sallami shaidunta ɗaya bayan ɗaya. Babu sauran wanda ya gan ta a dandali, babu wanda ya ji muryarta kafin ta dushe. Saura mu, waɗanda muka buɗe ido muka gan ta da furfura da carbi, kamar an halicce ta ne a tsohuwa don ta riƙa ba mu ɗumame da safe.

Kakata ta wajen uba tana cikin irin waɗannan. Inna kowa yake ce mata, har sa'o'in 'ya'yanta, har maƙwabtan da ba su jin Hausa. A wani ƙauye na Damargu, kusa da Tanut, aka haife ta, kuma a Tit aka binne ta, wani ɗan gari mai garake da ke kamar kilomita 40 daga Tamanrasat, a kan babbar hanyar da ta nufi In Salah. Takardar haihuwa ba ta zamaninsu ba ce, don haka da abubuwan da suka faru take ƙirga shekarunta. Tana budurwa ana kwasar maza aikin tilas na Faransawa, wanda aka soke a 1946. Tana goyon ɗanta na uku aka yi ƙuri'ar raba-gardama ta 1958, wadda ita ba ta san ta da wani suna ba sai shekarar Sawaba. Ta bar gida a farin 1973 zuwa 1974, lokacin da dabbobi suka ƙare rumbuna suka bushe. Shekara goma bayan haka, a yunwar 1984 da mutanen Nijar suka sa wa suna El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, ita ce ta zama mai masaukin dangin da suka biyo sawunta.

Me ya kai Bahaushiyar Damargu tsakiyar duwatsun Ahaggar, alhali yawancin masu gudun yunwa kudu suka nufa? Amsar tana cikin wani tsohon ciniki. Shekara da shekaru Abzinawan Ahaggar suna ɗebo gishiri a Amadror, su ɗaura wa raƙuma, su gangaro Damargu bayan kaka su musanya shi da hatsi, domin ƙasarsu ba ta noma abin da zai ciyar da su. Kowane madugu yana da gidan da yake sauka. Gidan su mijin Inna yana cikin irin waɗannan gidaje, kuma ita ce mai dama wa baƙin fura, har ta tsinci yarensu a bakin murhu. Ranar da Damargu ta kasa ciyar da 'ya'yanta, sai mai masauki ya koma baƙo. Suka bi ta Agadas, suka haura In Gezam, suka je suka yi sallama a ƙofar mutanen da suka sha furarta. Aka ba mijinta aiki a garka, inda ake noman alkama da sanyi, hatsi da zafi, a kuma shanya kauɗar tumatir. Ita kuwa ta kafa kaskon ƙosai, daga baya ta zama ungozoma, ta kuma zama mai wankan gawar mata. Wannan duka ba ya cikin kalmar "mai haƙuri".

Garin Tit kansa ya san yadda tarihi yake zaɓen waɗanda zai riƙe. Idan ka nemi sunansa a littattafai, abu ɗaya za ka fara gani: yaƙin da aka yi ranar 7 ga Mayu 1902, inda wani laftanan Bafaranshe mai suna Cottenest, da rundunar da ya ɗebo daga Tidikelt, suka karya mayaƙan Ahaggar da bindigogi masu saurin harbi, aka kashe musu kusan mutum 100. Bayan shekara biyu Musa ag Amastan ya je In Salah ya yi sulhu da Faransawa. Rana da wata da shekara duk an adana. Amma kowane ɗaya daga cikin mazan da suka faɗi ranar nan ya bar uwa ko mata ko 'ya, kuma su ne suka ci gaba da tatsar awaki da renon marayu har al'ummar ta sake miƙewa. Aikin kwana ɗaya ya sami shafi, aikin shekara arba'in bai samu ba. Ban ce laifin marubuta tarihi ba ne kaɗai. Abin da ake yi kullum ba ya kama ido, kamar yadda ba ka lura da rijiyar gida sai ranar da ta ƙafe.

Sai dai akwai mace ɗaya a wannan yanki da ba a manta ba, kuma labarinta ne ya fi sa ni tunani. A Tit hanya take rabuwa, reshe ɗaya ya yi yamma zuwa Abalesa. A can, bisa wani tudu, akwai tsohon gini na duwatsu mai ɗakuna da yawa, wanda Abzinawan Ahaggar suka daɗe suna cewa kushewar Tin Hinan ce, matar da suke ɗauka uwarsu baki ɗaya. Labarin baka ya ce ta taso ne daga Tafilalat, a kudancin Maroko ta yau, tare da baiwarta Takamat, kuma daga tsatsonta gidan sarautar Kel Ghela ya fito. Kamar dai yadda mutanen Daura suke riƙe da Daurama.

Abu biyu aka yi wa Tin Hinan, kuma a ganina su ne hanyoyi biyu da ake zaluntar matacciyar uwa da sunan tunawa da ita. Na farko, aka yi ta goge ta har ta daina kama da mutum. A bakin masu labari ta zama kyakkyawar da babu irinta, mai hikimar da ba ta kuskure. Wani marubuci Bafaranshe, Pierre Benoit, ya ma ƙaga wata sarauniya mai suna Antineya a cikin littafinsa na 1919, ya zaunar da ita a duwatsun Ahaggar, Turawa suka yi ta mafarki da ita. Na biyu, aka tone ta. A 1925 wani mai farautar kayan tarihi, Byron Khun de Prorok, tare da Maurice Reygasse, suka buɗe ɗakin da ke ƙasan ginin, suka tarar da ƙwarangwal kwance a kan gadon katako, da mundayen azurfa a hannu ɗaya, na zinariya a ɗayan, da duwatsun wuya, da wata alama ta kuɗin Sarkin Rum Kustantin, abin da ya sa ake danganta kabarin da wajen ƙarni na 4. Aka kwashe komai. Yau ƙasusuwan suna gidan adana kayan tarihi na Bardo a birnin Aljiyas, fiye da kilomita 1,500 daga inda 'ya'yanta suka kwantar da ita. Wanda ya je ziyara Abalesa, ɗaki ne wayam zai gani.

Kuma da masana suka auna ƙasusuwan daga baya, sai suka ce doguwar mace ce, mai ciwon baya da ya sa ta ɗingishi, kuma bisa ga alamu mai yiwuwa ba ta taɓa haihuwa ba. Uwar al'umma guda, gurguwa, wataƙila ma juya! Ni wannan bai rage mata komai a idona ba, ƙara mata ma ya yi. Macen da ta ratsa Sahara da ɗingishi ta fi ban mamaki a kan wadda aka ce tafiya take kamar iska. Sai dai dubi tsadar da aka biya kafin a san haka: sai da aka yaye mata sutura, aka sa ta a akwatin gilashi. Gaskiyar da aka samu mai daraja ce, hanyar da aka bi aka same ta kuwa, babu ɗa nagari da zai yarda a bi da uwarsa ta nan.

Mu Hausawa ba mu tone kaburbura, Allah ya kiyaye. Namu ciwon na farko ne, wato gogewa, kuma sabulun da muke amfani da shi sunansa haƙuri. Ina girmama haƙuri, addini ya ɗaukaka shi, kuma duk wanda ya ga rayuwar matan karkara ya san ba da wasa ake samunsa ba. Amma a lura da wanda yake cin ribar wannan yabo. Idan aka ce mace ta yi haƙuri shekara 50, to akwai abin da ta yi haƙuri da shi, akwai kuma wanda ya ɗora mata. Kalmar tana ambaton juriyarta, ta tsallake sunan abin da ta jure. Mijin da ya yi shekaru a yawon duniya ba aike, ɗan da ya sami wadata ya manta da cefanen tsohuwa, dangin da suka cinye mata gadon gona, kowa zai iya zama a kan tabarmar makoki ya ce "Allah sarki, mai haƙuri", ya tashi zuciyarsa wasai. Sannan a juya a nuna wa 'yan mata ita a ce su yi koyi, ma'ana su yi shiru.

Inna kuwa ba mai shiru ba ce. Tana da baki, kuma bakin yana da kaifi. Idan mai garka ya rage wa ma'aikatansa rabon alkama, ita ce take zuwa ta tsaya a ƙofarsa ta faɗa masa da yarensa, ta ƙara da Hausa don abin da yaren bai ɗauka ba. Ta taɓa yin wata uku ba ta yi wa surukarta magana ba a kan tukunya guda, kuma duk gidan sun san ba surukar ce mai laifi ba. Tana son taba gari, tana ɓoye ta a ƙullin zane. Ba ta yarda da banki ba, ba ta yarda da rediyo ba sai in Hausa ake yi. Idan haihuwa ta zo da gardama kuwa, ita ce ta farko da take cewa a nemo mota a tafi asibiti a Tamanrasat, ta yi faɗa da duk namijin da ya tsaya lissafin kuɗin mai. Mata nawa wannan faɗan ya ceta, Allah ne ya sani. Da a ce ita mai haƙurin nan ce da ake faɗa, wadda ba a jin kanta da kowa, da wasunsu ba su ga sunan 'ya'yansu ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da hujja. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, kuma tarbiyyarmu gaba ɗaya a kan rufin asiri aka gina ta. Wanda ya mutu ba shi da bakin kare kansa. Idan aka buɗe ƙofar "faɗin gaskiya" a kan mamata, masu tsohuwar gaba ne za su fara shigowa. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma tsakanin zagi da siffantawa akwai tazara mai faɗi. Cewa Inna tana da zafin rai ba tonon silili ba ne, domin ita kanta ba ta taɓa ɓoye shi ba, a bainar jama'a take yinsa, tana ma alfahari da shi. Ma'aunin da na ga ya fi adalci shi ne a bi sawun mai rayuwar: abin da ta bari a fili, namu ne mu riƙe, daɗinsa da ɗacinsa, abin da ta rufe da hannunta, ba mu da iznin buɗewa don kawai ta mutu.

Kuma tana da abin da ta rufe. Da 'ya'ya biyar ta bar Damargu, da huɗu ta isa Tit. Duk surutunta, duk yadda take iya kwana tana ba da labarin ayarin gishiri da sunayen raƙuma, idan zance ya zo kan hanyar nan tsakanin Agadas da In Gezam sai ta tashi ta ce wuta na cin itace a banza. Akwai wani ɗan'uwanmu mai karatun jami'a da ya so ya bi manyan gidan da na'urar ɗaukar murya bayan rasuwarta, ya haɗa abin da ya faru a hanyar, ya ce tarihi ne kuma tarihi na kowa ne. Babbar 'yarta ta dube shi ta ce, "Ɗana, abin da ta kai kabari, kai wa ya aike ka ka ɗauko?" Ina ganin gaskiya tana wajen gwaggonmu. Niyyarsa mai kyau ce, amma ita ma niyyar waɗanda suka buɗe ɗakin Abalesa, in ka tambaye su, ilimi za su ce maka.

Ba sai mun je nesa neman misalin yadda ake tuna mace da adalci ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta kuma haura shekara 70 a duniya, ta yi marsiyya da yawa, kuma ba manyan mutane kaɗai ta yi wa ba. A cikinsu akwai wadda ta yi wa wata mata mai suna Zaharatu, inda ta ambaci ainihin ayyukanta: zuwa wajen masu naƙuda, shirya gawa, koyar da mata. Abin da ya burge ni shi ne ta faɗi aikin da sunansa. Shekaru fiye da 150 sun wuce, kuma har yau ana iya ganin wannan mata tana fita da dare idan an buga mata ƙofa. Haka nan Baba ta Karo, wadda wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a 1949 da 1950 ta rubuta labarinta daga bakinta, aka buga shi a 1954, bayan rasuwarta a 1951. Baba ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta riƙe 'ya'yan wasu, ta ga zamanin harin bayi da zuwan Turawa, kuma ta faɗi auren da ta so da wanda ba ta so ba, ba tare da kwana-kwana ba. Da an bar mu da zaman makokinta kaɗai, da abin da za mu ji shi ne mace ce mai haƙuri. Bambancinta da Tin Hinan shi ne ita ta zaɓi abin da za ta faɗa, tana raye, da bakinta.

Masu son adabi suna yawan kawo maganar Amadu Hampate Ba, malamin nan na Mali, wanda a taron UNESCO na 1960 ya kwatanta mutuwar tsoho a Afirka da ƙonewar ɗakin karatu. Magana ce mai nauyi, ta kuma yi amfani a lokacinta, don ta sa an tashi tattara abin da ke kan tsofaffi. Amma ina jin tsoron wani ɓangare nata. Idan darajar tsohuwa ita ce abin da ke ajiye a kanta, to ranar da kan ya fara zuba fa? A shekarunta na ƙarshe Inna ta rikice. Larabcin kasuwa ya fara tafiya, sannan yaren maƙwabta, aka bar ta da tsantsar Hausar Damargu ta yarinta, tana kiran mutanen da suka mutu tun kafin a haifi ubana, tana tambaya ko ayari ya sauka. In ɗakin karatu ce, to ya ƙone tun tana numfashi. Amma matan da ta karɓi haihuwarsu ba su daina zuwa ba. Sukan zauna su tsefe mata kai, su yi mata magana da yaren da ta manta, ita kuma ta amsa musu da wanda ba su sani ba. Ba ilimi suka zo ɗauka ba, bashi suka zo biya.

Wani abin da ke hana a tuna da tsohuwa da fuska ɗaya shi ne al'adarmu ta kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Kaka kuwa abokiyar wasan jika ce. Ni "maigida" take ce mini, ta ce na bar ta da yunwa ban kawo cefane ba, ni kuma in ce mata na fasa auren, tsohuwa ba haƙora me zan yi da ita. Ubana, da yake shi ne na fari, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba har ta koma ga Allah, "wancan" take cewa, ko "yaron nan", yana da furfura a gemu. Saboda haka idan muka zauna zancenta, kamar mata biyu muke zance: shi yana tuna wata mai kawar da kai wadda sai dai ya tarar da ƙwaryar fura a rufe a ɗakinsa ba a ce ga wanda ya ajiye ba, mu muna tuna wata mai barkwanci da ke raba mana dabino daga ƙarƙashin matashi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Kuskure shi ne wani ya ce nasa ne sahihi, ko a narkar da duka biyun a zuba a ƙwarya ɗaya a kira shi "uwa tagari". Gara a bar su su yi ta karo, don a wajen karon ne ake hango ita kanta.

Akwai kuma tunawar da ba ta baki ba ce. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya gamu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya sauka ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa. Abokan tafiyarsa suka yi mamaki, suka ce ai ɗan kaɗan ma ya ishi irin waɗannan. Ya ce musu uban mutumin nan aminin Umar ne, kuma ya ji daga Manzon Allah cewa sada zumunci da masoyan mahaifi yana cikin mafi girman biyayya. Wannan ya nuna cewa mutum idan ya mutu ba dukiya kaɗai yake bari ba, yana barin hulɗoɗi a buɗe, kuma su ma gado ne, sai dai babu mai rigima a kansu a gaban alƙali.

Inna ba ta iya rubutu ba, amma tana riƙe da lissafin biki na shekara 60 a kanta: wadda ta kawo mata ƙwarya goma ranar sunan wane, wadda ta ba ta turmin atamfa ranar auren wance, da abin da ya kamata a mayar, ninki biyu kamar yadda aka saba. Tana da ƙawa tun ta ƙuruciya a Tanut. Ba su sake ganin juna ba sai sau biyu tun 1974, amma kowace shekara kafin azumi sai ta ɗaure dabino da shayi da sukari a buhu ta ba direbobin da ke gangarawa kudu, ita kuma ƙawar ta aiko da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, abubuwan da duwatsun Ahaggar ba su bayarwa. Wani lokaci saƙon ya yi wata biyu a hanya, wani lokaci ya ɓace.

Bayan sadakar arba'in an yi shawara a gidanmu kan abin da za a yi don tunawa da ita. Samari suka ce a buga kalanda da hotonta a raba. Wani ya ce a zagaye kabarin da siminti a rubuta suna, malamin unguwa ya ce a'a, aka bar shi da duwatsu biyu kamar na kowa a maƙabartar Tit. Masu hali suka yi alkawarin rijiya a ƙauyensu na Damargu, kuma ina fata su cika, don wannan sadaka ce mai gudana. Gwaggo ba ta ce komai ba sai da aka gama, sannan ta tambaya wa zai ɗaure buhun bana. Aka ce mata ai ƙawar Inna ta riga ta rasuwa da shekara uku. Ta ce ta sani, Inna ma ta sani kafin ta rikice, kuma ba ta daina aikawa ba, domin matar ta bar 'ya, 'yar kuma tana da yara bakwai da miji marar lafiya. Buhun ya tashi saura kwana ashirin azumi, a motar wani direba ɗan Agadas. Da ƙaramar salla ta wuce sai ga ƙullin kuka da daddawa ya iso, an rubuta a jikin leda da Ajami, "gidan Inna, Tit".